Aikin Bin Diddigin Cututtukan da Gurɓatacciyar Iska ke Haddasawa

 Maganata a yau kan wani aiki ce da matasanmu masu karatun lafiya ba su cika waiwayarsa ba, wato bin diddigin cututtukan da gurɓatacciyar iska ke jawo wa al'umma. A ganina buƙatarmu ga masu wannan aiki ba ta gaza buƙatarmu ga likitoci ba.

Likita mutum ɗaya yake dubawa a gabansa. Idan tsoho ya rasu da shanyewar ɓarin jiki, ko jariri da limoniya, abin da za a rubuta ke nan, babu mai ambaton hayaƙi. Ɓarnar iska ba ta fitowa fili sai an tara mutane da yawa an ƙirga. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar. Mutanen birnin sun saba da hazo, ba su firgita ba, sai da aka kwatanta mace-macen kwanakin da na shekarun baya aka tarar da ƙarin mutum kusan 4,000, daga baya masu bincike suka kai adadin wajen 12,000. Daga wannan lissafi dokar tsabtace iska ta 1956 ta samo asali. A 1993 kuma Douglas Dockery da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin rayuwar mutum fiye da 8,000 a birane shida na Amurka har shekara 14 zuwa 16. Bayan sun ware tasirin shan taba da sauran dalilai, suka ga mace-mace a Steubenville, inda iska ta fi ƙazanta, sun ɗara na Portage, inda iska ta fi tsabta, da kashi 26 cikin ɗari. Abin da ya fi yin ɓarnar shi ne ƙura mai laushi da ake kira PM2.5, wadda ke nutsawa can cikin huhu.

Wani zai ce ai Turawa sun gama binciken, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska na kashe mutum kusan miliyan 7 kowace shekara, sai mu ɗauka mu yi aiki da shi. To amma galibin alƙaluman nan daga biranen kwal da motoci aka samo su, iskarmu kuwa daban take. Akwai ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ga hayaƙin janareta, ga bola da ake cinna wa wuta a bakin layi, ga tayar da ake babbaka da ita a wasu mahautai. Uwa uba ga murhu: mace na tuƙa tuwo a ɗakin girki mai ƙaramar taga, ɗanyen icce na tuƙuƙi, goyo na bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Ko maganin da ake ganin ba ya buƙatar gwaji sai an gwada shi. A Malawi an raba murhu mai ƙarancin hayaƙi, aka bi yara fiye da 10,000, sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 ya nuna limoniya ba ta ragu ba. Ba don masu ƙirga ba, da an ci gaba da zuba kuɗi ana zaton an yi maganin abin.

Wani kuma zai ce zazzaɓin cizon sauro da kwalara sun fi gaggawa. Ban musa gaggawarsu ba. Sai dai limoniya na sahun gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na danganta kusan rabin waɗannan mace-mace da hayaƙin girki. Horon masu bin diddigin cututtukan iska da na masu bin diddigin annoba ma iri ɗaya ne. Masu bin diddigin annoba ne suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum gida-gida a 2010, lokacin da gubar dalma daga ƙurar niƙan dutsen zinare ta kashe yara kusan 400 a Zamfara.

Saura batun inda za a koya da inda za a ci abinci. Tun 2008 Najeriya ke da shirin horar da masu wannan aiki, NFELTP, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, kuma ma'aikatun lafiya da na muhalli da jami'o'i duk wuraren aiki ne. Gaskiya albashin ba mai yawa ba ne, sakamako kuma yakan ɗauki shekaru. Ɗalibi zai jure wa ilimin ƙididdiga, ya iya karanta rajistar asibiti da taswira. Na'urorin auna iska sun yi araha yanzu, bayanan tauraron ɗan'adam kuma kyauta ake samun da yawansu. Babban giɓinmu shi ne yawancin mamatanmu a gida suke rasuwa, a yi musu sutura a ranar, babu takardar da ta faɗi musabbabi. Dole wani ya je bayan an share makoki, ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, ya zauna da uwar yaron ya tambaye ta kwana nawa ya yi yana tari, ko haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, da kuma inda take ajiye shi idan ta hura wuta. Baƙon da ya zo da tafinta ba zai samu waɗannan amsoshi yadda ɗan gari zai same su ba.