Zama da Mai Jiji da Kai

Ya 'yan'uwa, jiji da kai ciwon zuciya ne. Mai shi ba ya amsa laifinsa, kullum yabo yake nema. Hadisin Ibnu Mas'ud cikin Sahihu Muslim ya bayyana mana alamomin girman kai: ƙin gaskiya da raina mutane.

Idan aka jarrabe mu da irinsa, miji ko ɗan'uwa, mu yi masa nasiha a keɓe, mu guji jayayya, kada mu zuga shi da yabon ƙarya. Amma haƙuri ba yarda da zalunci ba ne. In ɓaraka ta kunno kai a aure, Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta umarci a ɗauko mai sulhu daga dangin kowannensu.

Mu fara da binciken zukatanmu. Allah Ya kiyashe mu, amin.