KOGIN WUDIL AMANA NE, WA KE AUNA SHI?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya gabatar wa matasa 'yan'uwa a garin Wudil bayan sallar La'asar.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S), malamin ya ce kogin da ke ratsawa ƙarƙashin gadar Wudil amana ne, kuma ba a riƙon amana da ka. Makiyayi yana ƙirga shanunsa safe da yamma. Haka ya wajaba hukuma ta riƙa auna ruwa da iska da ƙasar noma, ta kuma gaya wa talakawa abin da ta gani.

Ya tunatar da cewa sai da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli. Ga NIHSA mai auna cikar koguna da fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Ga kuma Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992.

Malamin ya ci gaba da cewa kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su biyo ta Wudil. Masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna aiki da sinadarin kromiyam, dagwalonsu kuma ya daɗe yana gangarawa kogi. Da ruwan nan ake noman rani, a cikinsa masunta ke kamun kifi, shanu suna sha. Ya tambaya: wane manomi aka taɓa karanta wa sakamakon gwajin ruwan nan da Hausa?

Ya kuma ambaci ambaliyar 2001 wadda ta cinye gidaje da gonaki a wannan yanki. Ya ce gargaɗin da ya tsaya a ofis bai ceci kowa ba, kuma ɓoye awo ha'inci ne kamar tauye mudu.

Daga nan ya yi kira ga matasa, musamman ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da su koyi gwajin ruwa, su rubuta ranar da launin kogi ya canza ko kifi ya mutu, su nemi hasashen ambaliya kafin damina su isar da shi masallatai da kasuwar Juma'a.

Ya rufe da addu'ar Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.