Harajin da ake cirewa a albashinmu: mu duba, mu tambaya, a gyara

Jawabi ga ikilisiyoyin ƙauyukan Bagudo da bakin iyaka



Yawancinmu manoma ne da masunta, amma kusan kowane gida yana da ɗa ko 'ya mai albashi: malamin firamare, ma'aikaciyar asibiti, maigadi, direba, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Daga wannan albashi ake sayen taki, a biya kuɗin makaranta, a kai mara lafiya Birnin Kebbi. Idan ana cire abin da ya wuce ƙa'ida kowane wata, gida ne gaba ɗaya yake asara. Maganarmu ta yau a kan layi ɗaya ne a takardar albashi, wurin da ake rubuta PAYE.

Mene ne PAYE?

PAYE shi ne harajin albashi. Wanda ya ɗauke mu aiki yana cire shi kafin kuɗi su shigo hannunmu, ya kai wa hukumar tara haraji ta jihar da muke zaune, kafin ranar 10 ga wata mai biye ta wuce. Ga mu mazauna Bagudo, kuɗin na jihar Kebbi ne. 'Yan sanda kuwa nasu yana tafiya ga hukumar tarayya.

Mutum ne yake yin wannan lissafi, ko ya shigar da bayani a kwamfuta, kuma mutum yakan yi kuskure. Biyan haraji wajibi ne a kanmu. Amma mun sani a Luka sura 3, da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, gargaɗinsa gare su shi ne su tsaya a kan abin da aka ƙayyade musu. Saboda haka wanda ya nemi a cire daidai bai yi wa hukuma rashin biyayya ba.

Doka ta canja

Daga 2011 har ƙarshen 2025, ana yi wa kowane ma'aikaci rangwame na N200,000 da kashi 20 cikin ɗari na abin da yake samu, sauran kuma a yi masa haraji hawa-hawa daga kashi 7 zuwa kashi 24. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar haraji, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Ga abin da ya shafe mu a cikinta:

N800,000 na farko a shekara ba a taɓa shi.
N2,200,000 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari.
Daga nan sai kashi 18, ya yi ta hawa har kashi 25 ga masu manyan kuɗi.

An soke tsohon rangwame. A maimakonsa, wanda yake zaune a gidan haya ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, amma ragin ba ya wuce N500,000. Kuɗin fansho ma ana fitar da shi kafin a yi lissafin haraji. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato N70,000 a wata tun 2024, ba a cire masa PAYE ko kwabo. Jihar Kebbi ta sa nata mafi ƙarancin albashi N75,000 a 2024. Mai karɓar wannan ya ɗan haura ma'aunin ƙasa, amma harajinsa bai kamata ya wuce N1,250 a wata ba.

Mu yi lissafi tare

A ce wata ma'aikaciyar asibiti tana karɓar N100,000 a wata, wato N1,200,000 a shekara. Ana cire mata N8,000 na fansho kowane wata, N96,000 ke nan a shekara. Tana biyan hayar ɗaki N120,000 a shekara, rangwamenta N24,000. Idan muka fitar da waɗannan biyu, saura N1,080,000. Mu ajiye N800,000 da ba a taɓawa, saura N280,000. Kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne N42,000 a shekara, wato N3,500 a wata. Wannan ne harajinta na gaskiya.

To, idan akanta bai bar tsohon lissafi ba, zai cire mata N5,540 a wata. Rarar N2,040 ce, a shekara N24,480. Idan kuwa ya ɗora kashi 15 a kan dukan N1,080,000 ɗin, zai cire N13,500, ta yi asarar N10,000 kowane wata. Da kaɗan-kaɗan gara take cinye rumbu.

Inda kuskure yake fitowa

Na ɗaya, amfani da tsohon lissafi, ko mance rangwame. Mu lura, rangwamen haya ba ya zuwa da kansa. Sai mun bayyana abin da muke biya, don haka mu riƙa karɓar rasit daga hannun mai gida.

Na biyu, kuskuren suna ko lamba. Kowane mai biyan haraji yana da lambar haraji, kuma tana tafiya tare da lambarsa ta NIN. A nan yankin mutum ɗaya yakan zama Yohanna a wata takarda, John a wata, Jean kuma a takardar da aka rubuta a Benin. Idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa, ana iya cire mana kuɗi a rubuta su da sunan wani.

Na uku, kuskuren jiha. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato ko jihar Neja zuwa nan, ya tabbata ofishinsa ya san inda yake zaune yanzu, don kada kuɗinsa su yi ta zuwa inda ya baro shekara da shekaru.

Na huɗu, a cire kuɗi amma a ƙi kai wa hukuma. Wannan yakan ɓuya har ranar da muka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda take nuna shekaru uku da suka wuce, a ce mana ba a ga sunanmu ba.

Abin da za mu yi

Da farko mu nemi takardar albashi kowane wata. Saƙon banki a waya yana nuna abin da ya shigo ne kawai, ba ya nuna abin da aka cire. Mu adana takardun cikin leda, nesa da ruwa da gara.

Sai mu zauna da wanda ya iya lissafi, mu bi matakan nan da muka yi yanzu. Idan adadi ya saɓa, mu je wurin akanta ko ofishin albashi da ladabi, mu roƙi a nuna mana yadda aka yi lissafin. Sau da yawa magana takan ƙare a nan, a gyara a wata mai zuwa, a rage rarar daga harajin watannin gaba.

Idan ba a gyara ba, mu rubuta wasiƙa. Mu sa suna, lambar haraji, watannin da abin ya shafa, abin da aka cire da abin da ya kamata a cire. Mu yi kwafi biyu, a buga wa namu hatimi da kwanan wata. Magana iska ce, takarda ita take tsayawa shaida.

Idan har yanzu shiru, mu kai ƙorafi ga hukumar tara haraji ta jihar Kebbi, wadda hedkwatarta take Birnin Kebbi. Doka ta ba mu damar neman a mayar mana da rarar da aka karɓa. Idan hukumar ce ta aiko mana da takardar ƙiyasin haraji, kwana 30 muke da su mu rubuta cewa ba mu yarda ba. Watan Janairu lokaci ne mai kyau na bincike, domin kowane mai ɗaukar ma'aikata yana miƙa wa hukuma jerin ma'aikatansa da abin da ya cire musu zuwa ranar 31 ga Janairu. Kada mu ba kowa na goro don a gyara mana. Kowane kuɗin da za mu biya, mu karɓi rasit na gwamnati.

Haka kuma idan muka ga an cire ƙasa da ƙa'ida, mu faɗa. Bashi ne yake taruwa, wata rana za a neme shi gaba ɗaya.

Masu aiki a ƙetaren iyaka

Wasu 'ya'yanmu suna aiki a Malanbil ko Segbana a Jamhuriyar Benin, ana biyansu da sefa, takardarsu da Faransanci. A can harajin albashi ana rubuta shi ITS, kuɗin fansho CNSS, lambar haraji kuma IFU. Kuskuren da aka yi a wannan takarda, a ofishin harajin Benin ake gyara shi, Birnin Kebbi ba ta da iko a kai. Amma wanda gidansa yake wannan ɓangare ya adana takardun da kyau, su ne shaidar ya riga ya biya a can idan aka tambaye shi a nan.

Ga ma'ajin ikilisiya da kwamitocin makarantu

Wannan magana ta shafe mu ta ɗaya gefen. Inda ikilisiya take da makaranta ko ɗakin shan magani, mu ne masu ɗaukar ma'aikata. Sauƙin harajin da aka yi wa ikilisiya bai haɗa da albashin ma'aikatanta ba. Mu cire daidai, mu kai a kan lokaci, mu ba kowane ma'aikaci takardarsa. Maigadi ko mai shara da yake karɓar N70,000 ko ƙasa da haka, kada a taɓa masa kome da sunan PAYE.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu masu amana da suka iya lissafi, namiji da mace, su zauna bayan sujada sau ɗaya a wata, duk mai takardar albashi ya kawo a duba tare. Abin da suka gani ya tsaya a bakinsu, domin albashin mutum sirrinsa ne.