Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Aji Uku na Ƙaramar Sakandare, Jikwoyi



Mai girma shugaban taro, wakilin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Babban Birnin Tarayya, wakilin shugaban Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya na Jikwoyi, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai da fastoci, shugabar makaranta da malamanta, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, iyaye maza da mata, sai kuma ku 'ya'yana da aka taru dominku.

Ina taya ɗalibanmu murnar kammala aji uku, ina taya iyaye murna, ina kuma yi wa malamai sannu da aiki. Amma tunda an ba tsohon malami abin magana, sai a yi haƙuri da shi, don ba murna kaɗai na zo da ita ba.

A ranar 30 ga Satumba, 1999, a birnin Sakkwato, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wanda aka fi sani da UBE. A 2004 aka mayar da shirin doka: shekara shida ta firamare da shekara uku ta ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole ga kowane yaro. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki. Har hukunci ta tanadar wa uban da ya hana ɗansa karatu: karon farko jan kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Dubu biyun nan a yau da ƙyar ta kai mutum cikin gari ta dawo da shi, amma doka tana nan ba a soke ta ba. To, shekara taran da dokar ta yi wa yaran nan alkawari yau ta cika. Daga gobe babu mai kai uba ƙara don ɗansa ya zauna a gida. Abin da ya rage sai niyyar iyaye da ƙarfin aljihunsu, kuma a wannan gaɓa ne muke asarar yara. Sai ka ga yarinyar da ta fi kowa lissafi a aji uku, watan Satumba ya zo, sunanta na cikin waɗanda aka ba gurbi a babbar sakandare, ita kuwa tana bakin titi da farantin gyaɗa a ka.

Duk wanda ke zaune a Jikwoyi ya san yadda gari ke waye mana. Kafin a idar da sallar asuba iyaye sun fita hanyar Nyanya zuwa Karshi suna neman mota, don wanda ya makara zai tarar da cunkoso daga Karu har gadar Nyanya, daga nan kuma har hawan Kugbo. Ma'aikacin da ke aiki a Garki ko Wuse ko Maitama, a nan yake iya biyan kuɗin haya, don haka a nan yake kwana, can yake wuni. Wa ya rage a gida? 'Yar shekara goma sha uku. Ita za ta tare mai kurar ruwa ta sayi jarka biyu, ta yi wa ƙannenta wanka, ta ɗumama tuwon jiya, ta raka su firamare, sannan ta ɗauki jakarta. In da kuɗin keke Napep ta hau, in babu ta taka da ƙafa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu takawa sun ƙaru. Tana isowa an gama taron safe, malamin da ke tsaron ƙofa ya sa ta tsintar shara. Ban ce a daina horon makara ba. Na dai ce kafin a ɗaga bulala a tambayi yarinya ƙarfe nawa ta tashi.

A cikin aji kuwa, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 zuwa 40. Malaman da ke zaune a nan, na ga kuna murmushi. A makarantun gwamnati na unguwannin bayan gari irin namu, inda kullum sabbin gidaje ke tsirowa, ba baƙon abu ba ne bencin mutum uku ya ɗauki biyar, na baya ba ya ganin allo, na gaba yana shaƙar ƙurar alli. Malamin Turanci da ke shiga aji huɗu irin wannan, idan ya ba da insha'i ranar Litinin, ku lissafa littattafan da zai ɗauka ya tafi da su gida. Ko dai ya hana kansa barci, ko ya daina ba da insha'i. Idan ya daina, yaro zai gama aji uku bai taɓa rubuta shafi guda da tunanin kansa ba. Ta wannan kafa ingancin karatu ke zurarewa, ba wanda ya ji ƙararsa.

Akwai kuma abin da ke zuwa mana daga ƙasa. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Abuja sun yi yajin aiki daga watan Maris har zuwa Yuli, sama da wata uku, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin haƙƙoƙinsu. Ban zo yanke hukunci tsakanin ma'aikaci da mai biyansa ba. Sai dai yaron da ya rasa zango guda a aji shida, nan aji ɗaya yake kawo giɓinsa, malamin sakandare ya koma koyar da baƙi da wasali.

Saboda haka, iyaye, kada maki ya ruɗe ku, kada rigar yaye da hula mai tunku su ruɗe ku. Yau da daddare ka miƙa wa ɗanka takardar kuɗin wuta, ko takardar da ke cikin kwalin magani, ka ce ya karanta ya bayyana maka da harshen gida. Ke kuma uwa mai sayar da awara ko kayan miya, ki sa 'yarki ta fitar miki da uwar kuɗi da riba ta mako guda. In sun iya, shekara tara ba ta tafi a banza ba. In sun yi ta inda-inda, hutun nan ne lokacin gyara, tun icen bai bushe ba.

Wasu za su ce ai makarantar gwamnati ce, me ake tsammani? A kowane lungu na Jikwoyi akwai makarantar kuɗi, wasu suna ƙoƙari ƙwarai, wasu kuwa ɗakuna uku ne da allon suna mai ƙyalli. Ina so yaranmu su san ba su da abin jin kunya. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, bayan ya fito Kwalejin Katsina a 1931, a makarantar Midil ta Sakkwato ya fara aiki yana koyarwa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ma ya koyar a can. Duk makarantun hukuma ne, masu ɗaukar yara kusan sa'anninku. Amma in faɗi gaskiya, ba na cikin masu kukan cewa da can komai ya fi. Midil ta wancan zamani 'yan yara maza kaɗan take zaɓa daga lardi guda, ta kwanar da su, ta ciyar da su. Wannan makaranta kuwa ba ta korar kowa. Ɗan Gbagyi mai ƙasa, da Bahaushe, da Ibo, da Bayarabe, da Tibi, da Idoma, ɗan mai gadi da ɗan ma'aikacin ofis, duk a benci ɗaya, lokacin tara su haɗa kuɗi su sayi fanke da kunun aya. Ranar Juma'a wani ya riƙe wa wani jaka ya je masallaci, ranar Kirsimeti a kai wa juna shinkafa. Lokacin da Janar Murtala Muhammad ya kafa birnin Abuja a watan Fabrairun 1976 don ya zama na kowa da kowa, irin wannan zama ake nufi. Ni a nan nake ganinsa fiye da yadda nake ganinsa a Asokoro. Aikin malamanku ya fi na malaman Midil wuya, ladansu ma ina fata ya fi.

Wakilan hukuma, ranku ya daɗe, mun gode da zuwanku, kuma kun ji abin da muke bukata: ƙarin malamai kafin ƙarin fenti. Bayan malamai sai bencina, da ruwa, da ban-ɗaki mai ƙofa na 'yan mata daban, domin yarinyar da ta fara al'ada in ba ta da inda za ta keɓe, gida take zama kwanakin nan duk wata. Mun ji sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wadda ta rage yawan darussa, ta ba tarihin Nijeriya muhimmanci, ta kuma kawo sana'o'i irin su haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Mun yi maraba da ita. Sai dai ba a koyon ɗinki a kan allo. A kawo keken ɗinkin, a kawo wanda ya iya taka shi, kada ƙannen waɗannan yara su haddace sunayen kayan aikin da ba su taɓa riƙewa ba.

'Ya'yana, ku kuma magana biyu. Wayar da za a fara ba wasunku a wannan hutu, da ita ake kallon TikTok har ƙarfe ɗaya na dare, da ita kuma ake koyon lissafi kyauta, ku zaɓa. Sannan nan da shekara uku za ku zauna jarabawar WAEC da NECO, za a kuma sami mai raɗa muku cewa akwai cibiyar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Takardar da aka samu ta wannan hanya ba ta jure tambaya ɗaya a gaban mai ɗaukar aiki. Wanda ya miƙo muku ƙwaya ko maganin tari a bayan kango, ba abokinku ba ne ko da tare kuka tashi.

Na dawo kanku, iyaye, domin ku ne masu hukunci. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ke aiki a nan Abuja, ta ce wanda ɗansa ya gama wannan mataki ya yi ƙoƙarin tura shi babbar sakandare, in kuwa hakan bai yiwu ba a sa shi koyon sana'a ta gaskiya. Na san halin da ake ciki. Na san uban da ke ganin gara yaro ya fara jan keke ya kawo cefane, na san uwar da aka zo mata da maganar aure ko aikatau a cikin gari. Ina roƙonku, don Allah, ku ƙara haƙurin shekara uku. Idan sakamakon jarabawar kammala aji uku, wato BECE, ya fito, ku zo da kanku ku karɓa, ku tambayi makarantar da aka tura yaro, ku yi masa rajista tun kafin a koma a watan Satumba. Wanda kuɗin yunifom ko littattafai ya gagare shi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sami shugabar makaranta ko shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu hali da ke cikin wannan rumfa kuma, kowa ya ɗauki nauyin yaro ɗaya.

Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya saka wa malamansu da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.