Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa a ƙafa: jawabi ga masu niyyar tafiya

Ƴan uwa, hanyar da muka ɗauka ita ce ta kwalta: Gidan Rumji, Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye, sai Gazawa, wajen kilomita 150. In muna cin 25 a rana, kwana shida ke nan. A watan Disamba za mu tashi, don zafin Afrilu yana wuce digiri 40.

Na san aljihun kowa, ni ma ɗalibi ne. To, ɗan abin da ka tara, ƙafarka da ruwanka za ka kashe wa. Kar ka sayi sabon takalmi! Ni na taɓa yi, tun kafin la'asar dugadugaina suka yi bororo, sai a amalanke na ƙarasa, ana ta yi mini dariya. Kai wa baduku tsohonka ya ɗinke, ka nemi safa biyu, ka fara yawo da shi tun yau. Bido na lita 5 ya isa mutum biyu tsakanin gari da gari, a riƙa karɓeɓeniya. Guzuri kuwa, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, gishiri da sukari. Kilishi a bar wa masu hali.

Kwana ba ya cin kuɗi in an sallama wa maigari da liman tun da rana. Ba tafiyar dare, ba ratse ta daji, balle a yankin iyaka. Nisan ya kai na kasaru, Malam zai yi mana bayani. Wanda iyayensa ba su amince ba, don Allah ya zauna gida. Wassalamu alaikum.