Bashi da Canjin Kuɗi a Bakin Iyaka: Jawabi ga Taron Ƙungiya a Maiha

 

An nemi mu ɗan yi magana a kan abin da ke cinye jarin mutanenmu. To jama'a, mu nan Maiha da Belel da Sorau kasuwa biyu muke ci, kuɗi biyu muke riƙewa: naira da sefa. Duk wanda ke sayo kaya Garwa ko Gidar ya kawo Mubi, ko bai je boko ba, lissafin canji ya zame masa dole.

Mu tuna baya kaɗan. Kafin 1986 naira kusan kai ɗaya take da dala. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta fara zamewa, mutanen Kamaru suka cika kasuwanninmu don kayanmu sun yi musu araha. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da buhun sefa ya tashi da rabin dukiyarsa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa tun 1999 a ɗaure take da yuro, saboda haka in naira ta faɗi, mu ne muke fara ji a jikinmu.

Ga inda asarar take. Ka sayo kaya da sefa, ka bayar bashi da naira wata uku. Ranar biya a ƙirga maka kuɗinka cif, har da riba. Ka je canji, ka tarar ba za su sayo buhunan da ka fitar ba. A baki ka ci riba, a shago jari ya ragu.

Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna Sabo ta Ibadan yana bincike, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar Hausawan can suna sayar wa mahauta shanu bashi, ba banki ba kotu, maigida ne ke tsayawa lamuni. Wato jarinsu na gaskiya amana ce. Mu ma baƙi ne da muka zama 'yan gari, da wannan amanar iyayenmu suka kafu. Da ita kuma aka sake tayar da kasuwa bayan tashin hankalin 2014. Amma amana tana son a tokare ta.

Don haka muna ba ƙungiya shawara huɗu.

Na ɗaya, a rubuta kowane bashi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. A faɗi da wane kuɗi za a biya, da wace rana.

Na biyu, wanda ya sayo da sefa ya gajarta wa'adi, ko a yanke farashi da sefa tun ranar ciniki. Ƙari a kan bashi bayan an ƙulla, wannan riba ce ta haram.

Na uku, canji hannu da hannu, kamar yadda malamai suka karantar da mu. Ban da “karɓi naira yau, sefa sai jibi”.

Na huɗu, ƙarshen wata kowa ya ƙirga buhunansa da bandiransa, ya gwada da na watan jiya. Nan ne zai san ko gaba yake ko baya.

Muna roƙon sakatare ya tanadi littafin bashi kafin taro mai zuwa, dattawa biyu su riƙa sa hannu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.