Farin Dalma: Kyau Da Guba A Tukunya Ɗaya



Batunmu na yau shi ne farin dalma, launin nan da ba fari fat ba, mai kama da madara, wanda masu zane da fentin mai a Turai suka dogara da shi shekaru aru-aru. Mutanen Holan kan naɗe fallayen dalma, su sa cikin tukwane masu ruwan tsami, su binne a kashin doki. Bayan kamar wata uku, tururi ya ci ƙarfen, sai a kankare farin ɓawon, a niƙa da mai. Yana bushewa da wuri, ba ya saurin tsagewa. Da shi Rembrandt da Vermeer suka haskaka fuskoki da tufafi.

Amma fa guba ne. Ma'aikatansa sun sha murɗar ciki da shanyewar hannu, har a 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana shafa shi a cikin gine-gine. Sannu a hankali farin titaniyam ya maye gurbinsa.

Saboda haka, mu da za mu riƙe ofisoshin gwamnati, in an kawo mana takardar sayen fentin makaranta ko asibiti, mu binciki abin da ke cikin gwangwanin kafin mu sa hannu.